Cutar da ta kama mutum a tsakiyar teku, nauyin wa ce?

Idan igiya ta tsinke ta karya wa ma'aikacin jirgin ruwa ƙafa, ba a cika ja-in-ja ba. Abokan aiki sun gani, kyaftin ya rubuta, diyya ta hau kan mai jirgi. Rigimar tana tasowa ne kan cutar da ke cin mutum a ɓoye: hawan jini, ciwon zuciya, tsakuwar ƙoda, ciwon daji. Nan ne za ka ji kamfani na cewa ai da abinsa ya zo, ko gado ya yi, ko sigarin da yake sha ce. A ganina, wanda likita ya duba ya ce ya isa hawa jirgi, sannan aka sauko da shi ranga-ranga, bai kamata a ɗora masa kawo hujja ba. Mai jirgi ne ya kamata ya nuna cewa aikin ba shi da hannu.

Ma'aikacin masana'anta in ya tashi aiki gida yake komawa, ya ci abin da ya ga dama, ya kwana a gadonsa. Na jirgi kuwa wurin aikinsa nan ne ɗakin kwanansa, wata da watanni. Abincin da zai ci kamfani ya saya, ruwan da zai sha daga tankin jirgi yake. Na ɗakin inji yana tsaye cikin zafi da warin baƙin mai, kunnuwansa a toshe saboda rugugin inji, ya fito ya kwanta ƙarfen gadon na karkarwa a ƙarƙashinsa. Dokar ƙwadagon teku ta duniya kanta ta yarda ya yi aikin awa 14 cikin 24, har awa 72 a mako. To ta yaya za a ɗauki wuƙa a raba jikin wannan bawan Allah, a ce wannan ciwon na aiki ne, wancan nasa ne na kansa?

Yarjejeniyar ƙwadagon teku ta 2006, wadda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta samar kuma ta fara aiki a 2013, ta ɗora wa mai jirgi kuɗin magani da albashin marar lafiya, tare da bai wa ƙasashe damar taƙaita hakan muddin bai gaza mako 16 ba. Gyaran da ya fara aiki a 2017 ya wajabta tanadin kuɗin diyyar mutuwa ko nakasa mai ɗorewa, amma wadda aiki ya jawo. Wannan sharaɗin shi ne gaɓar da ake kokawa a kanta.

Filifin, wadda ke cikin manyan ƙasashen da ke samar wa duniya ma'aikatan jirgi, ta yi wani abin a yaba. Kwantiraginta na bai-ɗaya na ma'aikatan jirgi, na 2010, ya jera cututtukan da aka yarda na aiki ne, ya kuma ce wadda ba ta cikin jerin za a ɗauke ta a matsayin ta aiki har sai an kawo hujjar akasin haka. A kwantiragin, an sa diyyar nakasa mafi tsanani dala 60,000. Sai dai abin da aka bayar da dama ana karɓewa da hagu. Dole mutum ya kai kansa wurin likitan kamfani cikin kwana uku na aiki da dawowarsa, in ba haka ba haƙƙinsa ya faɗi, sai in ciwo ya kwantar da shi ya aika a rubuce. Likitan na da kwana 120, wani lokaci har 240, kafin ya yanke hukunci. In likitan ma'aikacin ya saɓa masa, sai a nemi na uku da ɓangarorin biyu suka aminta da shi. Kotun Ƙolin ƙasar ma ta sha cewa ma'aikaci ba zai jingina da zaton cewa cutar ta aiki ce kaɗai ba, sai ya nuna alaƙar aikinsa da cutar.

Masu jiragen ma suna da ta cewa. Akwai mai ɓoye ciwonsa lokacin gwajin ɗaukar aiki, kuma daidai ne a hana shi. Akwai lauyoyin da ke farautar marasa lafiya don su kwashe rabin diyyar, abin da ya sa Filifin ta yi doka a 2015 ta ƙayyade ladansu kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A hukunta waɗannan, babu mai kare su.

Amma a duba inda takardu suke. Rajistar awoyin hutu tana hannun kamfani. Littafin jinyar jirgi, inda aka rubuta ranar da mutumin ya fara kukan ƙirji aka ba shi ƙwaya biyu ya koma bakin aiki, yana hannun kamfani. Haka jerin sinadaran da jirgin ya yi dako. Shi kuwa jakarsa kawai ya sauko da ita. Ya kamata kowace ƙasa mai rajistar jirage ta wajabta a miƙa masa kwafin waɗannan takardu ranar da ya sauka, kuma kamfanin da ya ƙi miƙawa, kotu ta ɗauki cutar a matsayin ta aiki.