Kamfani ne ke ba da cin hancin, a daina ɗora wa ƙungiyar ƙwadago

Wallahi tun jiya raina a ɓace yake saboda odiyon nan da Alhaji ya turo guruf ɗinmu na 'yan gida mazauna Detroit a jihar Michigan ta Amurka, kuma sai na ga mutane suna ta bin sa da "gaskiya ne Alhaji", "Allah ya ƙara basira". Wace gaskiyar dan Allah? Wai soke dokar 'yancin aiki da aka yi a Michigan, wato dokar da ta hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiyar ƙwadago, ita ce za ta buɗe ƙofar cin hanci a gwamnatin jiha, wai ƙungiyoyin ƙwadago ne suke saye 'yan majalisa. Alhaji babba ne a wurina kuma ina ganin girmansa, amma maganar nan ba ta da tushe ko kaɗan, kuma ba zan yi shiru ba don akwai ƙannenmu sababbin zuwa a guruf ɗin nan waɗanda gobe za a miƙa musu katin ƙungiya a wurin aiki su ƙi sa hannu saboda abin da suka ji daga bakin dattijo.

Toh ku leƙa nan maƙwabta, Ohio. Larry Householder, tsohon kakakin majalisar jihar, yau yana ina? An yanke masa shekara 20 a 2023. Kuɗin wa ya ci? Na kamfanin wuta ne, FirstEnergy, kusan dala miliyan 60 aka zuba masa ta wata ƙungiyar fake da ake ce wa Generation Now, shi kuma ya tura dokar HB6 a 2019 wadda za ta tatsi sama da dala biliyan ɗaya daga bil ɗin wutar talakawa a ceto tashoshin nukiliya guda biyu. Kamfanin da bakinsa ya amsa, ya biya tarar dala miliyan 230. Ina leburan da ke tsaye a kan layi awa goma a cikin wannan cinikin? Shi dai nasa biyan bil ne.

Na san me za a ce, wai ai Michael Madigan na majalisar jihar Illinois abokin ƙungiyoyi ne. Eh abokinsu ne, shekara 36 yana kakaki, kuma kotu ta same shi da laifi a 2025. Amma ku duba shari'ar mana, wa ya riƙa ba yaransa aikin da ba sa zuwa ana biyansu? ComEd ne, wani kamfanin wutar dai, shi ma ya biya dala miliyan 200. Kamfani ne. Kamfani ne dai a nan ma. Sannan idan dokar 'yancin aiki ce maganin ɓarayin gwamnati, me ya sa Alabama da ta daɗe da ita aka ɗaure kakakinsu Mike Hubbard bayan shari'ar 2016? Me ya sa a Mississippi aka karkatar da dala miliyan 77 na tallafin iyalai matalauta, a jihar da ƙungiyoyin ƙwadago ba su da wani ƙarfi? Ƙungiya ce ta sace su? Ku ba ni amsa.

Mutane da yawa ma ba su san abin da dokar ta ƙunsa ba suke ta yaɗa magana. Tun 1947 da dokar Taft-Hartley an hana a ce sai kana da katin ƙungiya kafin a ɗauke ka aiki a Amurka. Abin da ya rage shi ne ƙungiya da kamfani suna iya yarjejeniya cewa duk wanda kwantiragin ya shafa zai biya kasonsa na kuɗin tattaunawa da kare ma'aikata. Wannan ɗin ne dokar 'yancin aiki take hanawa, kuma jihohi 26 ke da ita yanzu. Amma fa doka ba ta sauke wa ƙungiya nauyin ba, dole ta tsaya wa wanda bai biya ko sisi ba. An kore shi ba bisa ƙa'ida ba, wakilin ƙungiya ne zai zauna da manaja, in ta kai ga lauya kuɗinmu ne za a kashe, in an samu ƙarin albashi shi ma ya shiga asusunsa. Ni ana cire min nawa duk wata kuma ban taɓa jin ciwo ba, domin na ga ranar da sufabaiza ya so ya ci zalin wani yaro ɗan Ghana a kan obataim ɗin da ya yi aka ƙi rubutawa, wakilinmu ya tsaya tsayin daka har aka biya shi. To ka ce kowa ya ci amma biya sai wanda ya ga dama, me kake nufi in ba so kake asusun ya bushe ba? Manufar kenan tun farko, kuma waɗanda suka kashe kuɗi aka yi dokar sun san haka sarai.

Kar wani ya kawo min zancen UAW, ƙungiyar ma'aikatan kamfanonin ƙera motoci, kamar ban sani ba, a garin nan muke aka yi. Shugabanninta biyu, Dennis Williams da Gary Jones, an ɗaure su saboda cin kuɗin mambobi, otal da gwalf da sigari mai tsada, abin kunya ne kuma ba na kare su, Allah ya isa tsakanin ma'aikata da su. Amma idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Wani ɓangare na badaƙalar nan kamfanin Fiat Chrysler ne yake ba wa jami'an ƙungiya toshiyar baki don su yi laushi a teburin tattaunawa, kamfanin ya amsa laifi a 2021 ya biya dala miliyan 30. Kun gani ko? Ko a cikin ƙungiyar ma da aka bi sawun kuɗin, sai da aka tarar da hannun kamfani. Kuma me ya gyara ta? Kotu ce, da mai sa ido da aka naɗa, da ƙuri'ar mambobi da suka ce daga yau mu za mu zaɓi shugaba kai tsaye. Aka zaɓi Shawn Fain a 2023, aka shiga yajin aiki a Ford da GM da Stellantis, aka fito da ƙarin kashi 25 cikin ɗari. Dokar 'yancin aiki tana nan a Michigan sanda Gary Jones yake cin kuɗin, ba ta hana shi komai ba.

Waɗanda suka zo bayan 2012 ba su ga yadda aka yi dokar ba shi ya sa. Gwamna Rick Snyder ya daɗe yana cewa ba ta cikin tsarinsa, sai bayan an gama zaɓe, a watan Disamba, 'yan majalisar da wasunsu ma sun kusa sauka suka tura ta cikin 'yan kwanaki ba tare da zaman jin ra'ayin jama'a ba, an kulle ƙofar majalisa a Lansing, babban birnin jihar, mutane dubbai suna waje cikin sanyi. Aka cire 'yan sanda da 'yan kwana-kwana daga ciki. In alheri ce me ya sa aka hana su? Aka kuma liƙa mata ɗan kasafin kuɗi saboda tsarin mulkin Michigan bai yarda a kai dokar da ke da kasafi ƙuri'ar raba gardama ba. Tsoron jama'a suke ji, kuma da dalili, don a Missouri da aka bar mutane suka yi ƙuri'a a 2018 kusan kashi biyu cikin uku watsi suka yi da ita. Gwamnan West Virginia na lokacin ma, Jim Justice, ɗan Republican, ya faɗa a fili a 2021 cewa sun yi dokar sun zuba ido kamfanoni su zo, ba su zo ba.

Mu 'yan Najeriya bai kamata ma a ruɗe mu ba. Obasanjo da yajin aikin man fetur na NLC ya ishe shi lokacin Oshiomhole, ai gyaran doka ya yi a 2005 ya ce shiga ƙungiya ganin dama ne. Cin hanci ya ragu a gidajen gwamnatin jihohi bayan nan?

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ma, duk masu kukan cin hancin nan ban ji ɗayansu ya ambaci cewa a Michigan dokar neman bayanan gwamnati ba ta hau kan ofishin gwamna da majalisa ba. Za ka iya neman takardun ƙaramar hukumarku ko na makarantar yaranka, amma wasiƙun da ɗan majalisa yake yi da masu kamun ƙafa na kamfanoni ba ka da ikon gani. Shekara da shekaru ana alƙawarin gyarawa, 'yan Democrat ɗin da suka soke dokar 'yancin aiki a 2023 su ma majalisu biyu da gwamna duk suna hannunsu har ƙarshen 2024 amma suka tashi ba su yi ba, kuma wannan ina riƙe da su a kai. Wanda yake da lambar ofishin ɗan majalisarmu na yankin Hamtramck ya turo min ta inbox dan Allah, ina so in kira ranar Litinin kafin in shiga aiki.