Wannan ɗan dam ɗin da muke zuwa shan iska, wa yake duba lafiyarsa ne?

Tun ranar da na dawo daga ƙauye abin nan yake cina a rai, bari dai in amayar ko na samu barci. Akwai wani ƙaramin dam a wajen garinmu, ba zan kama suna ba don kar a ce da wani ofis nake, wanda tun muna yara can ne wajen yawon sallarmu, a je a hau kwale-kwale, a sayi soyayyen kifi da yaji a takarda, samari su yi ta ninƙaya iyaye mata suna salati. Yanzu ma haka ne, sai dai an ƙara da masu ɗaukar bidiyo da angwaye masu zuwa hoton kafin biki. Kowa ruwan yake kallo. Ni ma shekara da shekaru ruwan nake kallo, sai wannan karon da ɗan ƙanena ya jefa ƙwallo ta gangara bayan jingar na sauka ɗaukowa, a nan na ga abin da ya hana ni sakat.

Bayan jingar nan gaba ɗaya ya zama daji. Dalbejiya manya-manya har guda nawa sun fito a jikinta, ga suri na gara, ga ramuka irin na gafiya, kuma can ƙasa daga gindi akwai wani waje da ciyawa ta yi kore shar alhali ko'ina ya bushe, na taka ƙafata ta nutse har idon sawu. Ruwa ne yake tsattsafowa a hankali. Na hau sama na samu Baba mai gadi a rumfarsa yana jin rediyo, muka gaisa, na ce Baba wancan wajen fa? Ya ce ai ɗana ya daɗe a haka, da ɗan kaɗan ne, bana ne dai ya ƙara faɗi. Na ce an zo an gani? Ya yi dariya ya ce rabon da ya ga injiniya da idonsa a wajen nan tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari, kuma yanzu jikokinsa daga wajenta sun shiga firamare. Ya kai ni ya nuna min ƙarfen da ake murɗawa a saki ruwa, tsatsa ta cinye shi, ya ce ko ƙarti goma ba za su juya shi ba.

Toh jama'a irin wannan dam ɗin fa ba kankare ba ne, ƙasa ce aka tara aka daddanne, kuma ƙasa tana tsufa. Saiwar bishiya tana ratsa ta, in bishiyar ta mutu saiwar ta ruɓe sai ta bar hanya kamar bututu. Yoyon ruwa shi kaɗai ba abin tashin hankali ba ne, kusan kowane dam na ƙasa yana ɗan yi, abin tsoro shi ne ka ga ruwan da yake fitowa ya soma zuwa da laka, wannan yana nufin cikin jingar yake kwashewa yana fita da shi, ramin yana faɗaɗa daga ciki kai kana sama kana cin kifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗaya hanyar kuma ita ce ruwa ya cika ya haura ta saman jingar saboda makwararar da aka yi masa ta toshe, namu kuwa kachala da leda da yashi sun cike ta, har wani ya yi lambun tumatir a bakinta. In ruwa ya haura saman jingar ƙasa, awanni kaɗan sun isa ya zaizaye ta.

Mu mutanen Kano ai ba labari za a ba mu ba. Bagauda fa? Dam ne na zamanin Audu Bako, ga otal a bakin ruwa da ake ji da shi a lokacin, wajen hutu na manya, wanda yanzu ya koma makarantar horar da lauyoyi. A watan Agustan 1988 ana tsakiyar marka ya ɓalle, aka yi asarar rayuka da gidaje da gonaki, kuma lokacin bai ma kai shekara ashirin da ginawa ba. Yanzu lissafa shekarun sauran ƙananan da aka yi a wancan zamanin, sun haura hamsin. Alau kuwa jiya-jiyan nan ne, Satumbar 2024, Maiduguri ta kwana cikin ruwa, har namun gidan zu suka fito gari, kuma shi ma ya taɓa yi a 1994. In babba irin Alau da gwamnatin tarayya ta san da zamansa ya iya yin haka, ina ga ɗan namu da ko sunansa ban tabbata yana cikin wani fayil ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ƙaramin dam na shaƙatawa maraya ne. Tiga yana da masu magana saboda noman Kadawa ya dogara da shi, in ya samu matsala kowa zai ji a jikinsa. Shi kuwa wannan ba ya ba da lantarki, ba ya kawo kuɗin shiga na kirki, ƙaramar hukuma ta ce na jiha ne, jiha ta ce ku tambayi hukumar kogi, amma fa ran sallah akwai mai yankan tikiti a ƙofa, wannan kam bai taɓa makara ba. Kuɗin ina suke zuwa oho.

Kuma masu jin daɗin dam daban, waɗanda zai ci daban. Akwai wani tsohon misali daga Amurka, a jihar Fensilbaniya, wani tsohon dam ne attajirai suka mayar wajen kamun kifi da hutu, cikinsu har da Andrew Carnegie. Aka rage tsayin jingar don kekunan doki su samu hanya mai faɗi, aka sa raga a makwarara don kar kifinsu ya gudu, ragar ta riƙa tare shara. Ranar 31 ga Mayun 1889 ya fashe, ya share garin Johnstown, mutum 2,209 suka mutu, kuma kotu ba ta sa kulob ɗin attajiran ya biya diyya ba. Da na tsaya a saman tamu jingar na leƙa ƙasa, rufin kwanon ƙauyuka biyu nake hangowa da makarantar allo da wata rijiya da mata suke layi, su ba sa zuwa hawa kwale-kwale, ko kuɗin tikitin ba su da shi.

Na san wani zai shigo ya ce komai nufin Allah ne. Haka ne, babu musu, amma ai raƙumin ma an ce ka ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. Kuma ba biliyoyi nake cewa a fitar ba, don da an ji gyaran dam sai a fara lissafin kwangila. A turo wanda ya san aikin ya zagaya da ƙafa kafin damina da bayanta, a cire bishiyoyin nan yadda ya kamata a cike gurbinsu, ba wai a sare a bar kututture yana ruɓewa ba, a yashe makwararar, a gyara ƙarfen nan ya riƙa juyuwa, sannan a ba mai gadi waya da lambar da zai kira, mai unguwar ƙauyukan da ke ƙasan dam ɗin ya san in an buga masa da tsakar dare ina zai kai mutanensa. Nawa ne wannan ɗin fisabilillahi?

Kafin in taho na koma wajen da ruwan yake tsattsafowa na ɗebo a gorar roba na ɗaga a rana, garau yake tukuna, alhamdulillahi. Na kafa tsinke huɗu a gefen inda danshin ya tsaya, na ce Baba don Allah duk Juma'a ka riƙa leƙawa, in ya wuce tsinken nan ko ka ga ruwan ya yi ja ka kira ni ko ƙarfe nawa ne. Ya ce to ɗana, amma kai ɗin wa za ka kira? Na yi shiru. Shi ya sa na kawo maganar nan, in akwai injiniyan ruwa a cikinku ko wanda ya san ƙofar da ake bugawa a amsa, ya yi min magana ta akwatin saƙo, hotunan suna wayata.