Ƙarfin ƙirji ba ya hana ciwon hawan tsauni

A wata majalisar shayi a unguwar Nima ta Accra na ji wani matashi mai ɗaga ƙarfe yana cika baki. Wai shi da ya haye tsaunin Afadjato bai zauna hutu ko sau ɗaya ba, tsaunukan Nepal da 'yan yawon buɗe ido ke hawa ba za su gagare shi ba. Mutane da yawa haka suka ɗauka, cewa ƙarfi ne kawai.

Afadjato, can yankin Volta na Ghana, bai kai mita 1,000 ba. Mera na Nepal kuwa, cikin tsaunukan Himalaya da ake cewa masu sauƙi, ya kai mita 6,476. Sauƙin ma a baki ne, don sai an ɗaura ƙarafa masu tsini a takalmi saboda ƙanƙara.

Abin da ke kayar da mutum ƙarancin iskar shaƙa ne. Da an wuce mita 2,500 ciwon na iya farawa: kai ya sara, zuciya ta tashi, barci ya ƙaurace. Wajen mita 5,500, iskar oksijin da kake samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin tekun Accra ce. Jiki na bukatar kwanaki kafin ya saba, shi ya sa likitoci ke cewa bayan mita 3,000 kada tsayin wurin kwana ya ƙaru fiye da mita 500 a rana. Mai ƙarfi ma ya fi shiga haɗari wani lokaci, don gaggawa yake yi, ya bar dattijuwa mai sanda a baya, gobe a sauko da shi yana amai.

Idan ciwon ya tsananta, maganinsa saukowa ƙasa, ko da tsakar dare ne.