Inda aka ware ƙwaƙwalwar ko-ta-kwana ya fi yawanta muhimmanci

Masu kula da sabar Linux (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) a Katsina, na makarantu ne ko na shagunan rajista ta intanet da ke wajen Ƙofar Ƙaura, suna da wata al'ada. Da saba ta daskare sai a kashe a kunna, a ce ai wuta ce. Wani lokaci wutar ce kuwa. Amma idan kanel, wato zuciyar manhajar da ke tuƙa na'urar, ita ce ta faɗi, akwai hanyar gano dalili mai suna kdump, wadda ke cikin Linux tun 2005. Tun wajen tashi ake ware wani yanki na ram, wato ƙwaƙwalwar aiki ta na'urar, da saitin crashkernel, a loda kanel ta biyu a ciki da umarnin kexec -p. In ta farko ta faɗi, ta biyun ta tashi ta kwashe abin da ke ƙwaƙwalwa daga /proc/vmcore ta rubuta a faifai.

A ganina, gardamar megabait nawa za a ware ta sa an manta da tambayar da ta fi: a ina?

Adireshin ƙwaƙwalwa mai bit 32 iyakarsa gigabait 4. A x86 (tsarin furosesan Intel da AMD) mai bit 32, dole yankin ya kasance ƙasa da megabait 512; a mai bit 64 kuma an daɗe ana tsayawa a 896. Kuma sai a dunƙule, ba gutsi-gutsi ba. Shi ya sa saba mai gigabait 64 a kan tsohuwar kanel za ta iya kasa ware megabait 512 kacal, kamar mai gona har bakin daji da aka ce rumfa sai a bakin titi. Sai a Linux 3.9, a 2013, aka kawo ,high da ,low, kalmomin da ake liƙa wa crashkernel, domin a iya hawa sama da gigabait 4.

Nan kuma wani tarko yake. Akwai katunan faifai da na sadarwa da ba sa iya taɓa ƙwaƙwalwar da ta haura gigabait 4, kuma irinsu ba sa wuya a sabobin hannu da muka fi saye. Su sai an bar musu wuri a ƙasa, inda swiotlb, wato wurin da kanel ke ajiye musu bayanai na wucin gadi, kaɗai ke cin megabait 64. Shi ya sa in ka sa crashkernel=512M,high a x86, kanel ta yanzu kan ƙara ware aƙalla megabait 256 a ƙasa da kanta. Mai tsumulmular da ya rubuta crashkernel=0,low don ya tsira da su, kanel ta biyu na iya tashi ta rasa faifan da za ta rubuta a kai.

Kada ka kwafo lamba daga intanet ka kwanta. Duba /proc/iomem ka ga adireshin da aka ware da idonka, ka tabbatar /sys/kernel/kexec_crash_loaded na nuna 1. Sannan ka kayar da sabar da gangan: echo c > /proc/sysrq-trigger. A yi shi da dare bayan an tashi aiki, batirin inbata a cike, don rubutun kan ɗauki mintuna. In /var/crash, inda ake ajiye rubutun, ya yi kaɗan, umarnin makedumpfile -d 31 zai zubar da shafukan da ba a buƙata. Duk sanda aka ƙara ram ko aka canza kati, a sake gwajin.