Kada Hasken Rana Ya Ruɗe Ku Bayan An Zuba Dusar Ƙanƙara

'Yan'uwa matasa da karatu ko neman abinci ya kai ku ƙasashen tsaunukan Alps, har kuka fara bin abokai wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara nesa da hanyoyin da aka gyara, don Allah ku saurara. Ranar farko da gari ya waye tas bayan an kwana biyu ana zuba dusar ƙanƙara, tana cikin ranakun da zaftarewar dusa ta fi cin rai. Gangare ya yi fari fat, babu sawun kowa, amma kallon kitse kuke yi wa rogo.

Dusar hawa-hawa take kwanciya. Sabuwar da ta zubo ba ta riga ta kama tsohuwar ba, sau da yawa ma a tsakaninsu akwai siririyar shimfiɗa mai ɓarɓashi kamar sukari, wadda tsananin sanyi ya haifar. Iska kuma tana kwasar dusa ta jibge ta a gefen tsaunin da ba ta bugawa, ta danne ta har ta zama faifai guda. Nauyin mutum ɗaya ya isa ya karya shimfiɗar da ke ƙasa, faifan ya tsage, ya zaftaro da shi. Galibin waɗanda zaftarewa ta hallaka, su ne ko abokan tafiyarsu suka tayar da ita.

Sabuwar dusa santimita 30 zuwa 50 abin tsoro ce ko da yanayi ya yi kyau. In da iska mai ƙarfi, 10 zuwa 20 ma sun isa. Haɗarin yana kan gangaren da ya kai digiri 30 zuwa sama, kuma na samanku ma yana iya rufto muku ko kuna tafiya a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

Kafin ku fita ku karanta sanarwar haɗarin zaftarewar dusa ta ranar. A Suwizalan cibiyar binciken dusa da zaftarewarta ta SLF da ke garin Davos ce ke fitar da ita, da matakan haɗari 1 zuwa 5. Kada ku raina mataki na 3 don yana tsakiya, a nan aka fi mutuwa. In kuka ji dusa ta yi "wum" a ƙarƙashinku, ko tsaguwa ta gudu daga bakin katakon zamiyarku, ku juya, ko da kun biya kuɗin tafiya mai yawa.

Kowa ya ɗaura na'urar nemo wanda dusa ta binne a jikinsa a kunne, ya riƙe sandar tsokano da shebur na ƙarfe, kuma ya koyi aiki da su tun a gida. A gangare ku sauka ɗaya bayan ɗaya, sauran suna kallo daga inda babu haɗari.

Waɗanda aka tono cikin minti 10, kusan kashi 90 cikin 100 suna rayuwa. Zuwa minti 35 adadin ya faɗo kusan kashi 30, saboda numfashi ya ƙare, dusar kuma ta daskare kamar siminti. Ku kira lambar gaggawa ta 112, amma kada ku tsaya jiran jirgin ceto. Ku fara tono ta gefen gangara daga inda sandar ta taɓa shi, ku buɗe masa baki da hanci kafin komai.