Tashar Rahama: ba motoci kaɗai suka kashe ta ba

Akwai mai cewa manyan motoci ne suka rufe tashar jirgin ƙasa ta Rahama, kusa da Saminaka. Da saura. Ciwon tun daga shimfiɗa digar yake. Layin Zariya zuwa Jos an yi shi ne don kwasar kuza, ya iso Rahama a 1912, ya kai Jos da Bukuru a 1914. Amma faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Ke nan tarago ba ya tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Duk buhun kuza da ya iso Zariya sai lebura sun sauke shi, sun sake lodawa: kuɗi biyu, ɓata lokaci, ga buhu na fashewa. Ƙaramin injin kuma hawan dutsen bayan garin Jengre, a hanyar Jos, na ba shi wuya, dole a rage kaya.

Da layin Kafanchan ya shiga Jos a 1927, kuza ta koma Fatakwal kai tsaye, kwal ɗin Enugu kuma ya biyo ta sabon layin. Rahama ta rage da fasinja da amfanin gona, har aka rufe layin a 1957.