Jirgin Abuja zuwa Kaduna ba da wutar lantarki yake tafiya ba

Mutane da dama na ɗauka cewa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na lantarki ne, tunda sabo ne, ga na'urar sanyaya iska a taragu. Ba haka ba ne. Layin, mai tsawon kilomita 186 daga Idu zuwa Rigasa, wanda kamfanin CCECC na Sin ya gina aka buɗe a Yulin 2016, da man dizal yake aiki.

Ga inda ruɗanin yake: a cikin kan jirgin akwai babban injin dizal mai juya janareta, janaretan ya samar da wuta, wutar ta tafi ga injinan lantarki da ke juya ƙafafun ƙarfe. Wato jirgin da tashar wutarsa yake yawo. Saboda haka in ya tsaya a daji, ba ɗauke wuta aka yi ba. A duba mai, ruwan sanyaya inji ko birki.

Gane jirgin lantarki ba wuya. Ɗaga kai ka duba: jirgin Haramain da alhazai ke hawa tsakanin Makka da Madina yana da waya a sama mai ɗauke da volt 25,000, da hannun ƙarfe a rufinsa mai gogar wayar. A tashar Kubwa ko Jere da ke layin Kaduna ba za ka ga turakun wayar ba.

Sabon abu a layin Kaduna faɗin dogo ne: milimita 1,435, maimakon 1,067 na tsohon layin Legas zuwa Kano. Shi ya sa taragun wancan ba sa hawa wannan.